Kada a Sallami Kocin Kwalejinmu Saboda Minti Ashirin na Ƙarshe

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikata, ina roƙon ka sam mini fili a shafin wasiƙu na wannan jarida tamu mai farin jini, in faɗi albarkacin bakina a kan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta kwalejin da na yi karatu a nan birnin Kano. Sunan makarantar zan bar shi a cikina, domin ba tonon silili ya kawo ni ba. Na kuma tabbata duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin filin wata babbar makaranta a garin nan zai hango tasu a cikin tamu.

Ni ɗan kasuwa ne, kayan gini nake sayarwa a Ƙofar Ruwa. Amma kafin in san kuɗin buhun siminti, lamba biyar na sani. Shekara uku ina tsare wa kwalejin nan baya, a zamanin da Kano Pillars take jaririya, tunda a 1990 aka kafa ta. Yanzu kuma ɗan ƙanena, wanda ya taso a hannuna, shi ne yake buga musu tsakiya. Wasa bakwai suka buga a gasar manyan makarantu ta bana, babu ko ɗaya da ban gani da idona ba. Nakan bar wa yarona shago in tari A Daidaita Sahu, da ɗan littafi a aljihun gaba, ina rubuta mintin da aka ci mu da mintin da muka ci.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da take yawo a tsakanin tsofaffin ɗalibai tun ranar da aka fitar da mu, cewa a rubuta wa hukumar makaranta ta sallami koci. Har an fara tattara sa hannu. Da takardar ta iso shagona na ƙi sawa, kuma ina so in bayyana dalilina a inda kowa zai gani.

Ga abin da littafina ya ce. A wasa bakwai mun ci biyu, mun yi canjaras biyu, an doke mu uku. Maki takwas ke nan, kuma bai isa ya fitar da mu daga rukuni ba. Mun zura ƙwallo tara, an zura mana goma sha ɗaya. Wanda ya tsaya a nan zai ce ƙungiya ce maras kataɓus, kuma ba zan ga baƙinsa ba. Amma a cikin ƙwallo goma sha ɗayan nan, bakwai sun shiga ne bayan minti na 70. A wasa shida daga cikin bakwai, an tafi hutun rabin lokaci ko muna gaba ko muna kunnen doki. Ƙungiyar da ba ta iya ƙwallo ba tun farkon wasa ake gane ta. Tamu tana riƙe wuta awa guda cur, sannan ƙafafu su mutu.

Wasa na huɗu shi ne wanda har yau yake hana ni barci. Mun shiga da ci biyu da nema kafin minti 30, kuma ƙwallo ta biyu, wallahi ko a filin Sani Abacha aka ci ta sai an tashi tsaye. An taɓa ta sau takwas ko tara daga ƙafar mai tsaron gida har zuwa yaron nan ɗan aji ɗaya mai buga gefen hagu, wanda ya yanke mutum biyu ya miƙa wa lamba tara. Wannan ba sa'a ba ce, koyarwa ce, na ga suna maimaita ta a atisaye. Amma ƙarfe biyu na rana aka take wasan, a tsakiyar bazarar Kano da zafi yake haura digiri 40, saboda ana so a buga wasa biyu a fili ɗaya kafin magariba. Daga minti na 65 na fara ganin 'yan tsakiyarmu suna dafa ƙugu. Ɗan ƙanena da ba ya tsayawa sai ga shi yana bin ƙwallo da ido. Aka farke ɗaya da bugun kwana, aka farke ta biyu da wata doguwar ƙwallo da ta tsallake 'yan bayanmu suna kallo, ta uku kuma ta shiga ana cikin ƙarin lokaci. Da na koma gida na tambayi yaron me ya ci kafin wasa. Ya ce shayi da burodi tun ƙarfe bakwai na safe, sannan ya shiga gwaji na awa biyu, daga aji ya wuce fili.

Ruwa ba ya tsami banza. Kwana goma sha biyu kacal aka ba su na atisaye kafin gasar, saboda ba a saki kuɗin shiri ba sai da aka ga takardar gayyata ta iso, kuma satin ya faɗo daidai da gwajin tsakiyar zango. Duk wanda ya taɓa buga ƙwallo ya san ba a gina numfashin minti 90 a kwana goma sha biyu. Mu a zamaninmu wata biyu muke yi muna gudun asuba kafin mu taɓa ƙwallo da niyyar gasa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan yawancin yaran nan ba a makaranta suke kwana ba. Akwai mai zuwa daga Rijiyar Lemo, akwai na Sheka, akwai wanda yake tasowa tun daga Hotoro. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota zuwa da dawowa sau biyu a rana ya fi ƙarfin ɗalibin da ake ba shi kuɗin kashewa na sati. Na sha ganin koci ya sa hannu a aljihu bayan atisaye yana raba musu na hawa mota, shi da albashinsa bai taka kara ya karya ba. Ledar ruwan da suke sha a hutun rabin lokaci ma, sau uku ni na saya.

To, ba na so a ɗauka na zo wanke shi tas. Yana da laifi, kuma na faɗa masa a gaban idonsa kafin in rubuta a nan.

Babban laifinsa taurin kai a kan canji. Tun shekarar 2020 aka fara yarda a canja mutum biyar a wasa, kuma a gasar nan ma haka dokar take. Mutumin da ya san yaransa ba su da numfashi, shi ya fi kowa buƙatar wannan dama. Amma sai ka ga minti 80 ta yi bai ɗaga kai ya kalli benci ba. A wasa na huɗun nan da na ba da labari, da ya cire 'yan tsakiya biyu a minti na 60 ya sako masu sabon jini, ko da ba su kai na farkon iyawa ba, na yi imani da makin nan uku muna da su. Da na yi masa maganar sai ya ce bai yarda da na bencin ba. Na ce, Malam, idan ba ka yarda da su ba, me ya sa ka ba su jesi? Yaron da ba a taɓa saka shi ba, yaushe zai zama abin yarda?

Haka kuma ya nace sai an fara ƙwallo daga baya, gola ya ba na baya, na baya ya ba na tsakiya, irin wadda yara suke gani a gidan kallo ranar Asabar. Salon yana da kyau, kuma shi ya haifar da ƙwallon da na yaba a sama. Sai dai filayen da suke gani a talabijin shimfiɗaɗɗu ne kamar darduma, namu kuwa rabi ciyawa rabi tsakuwa, ga ramukan da damina ta bari. Tun 1992 doka ta hana mai tsaron gida kama ƙwallon da ɗan'uwansa ya maido masa da ƙafa, don haka duk ƙwallon da aka mayar baya a irin filinmu caca ce. Sau biyu a kakar nan ta yi tsalle a gaban golanmu, ɗaya ta zama ci. Mai hikima yana duba ƙasa kafin ya zaɓi irin da zai shuka. Akwai ranar taɓa-ka-ba-ni, akwai ranar da za a ɗaga ta sama a bi ta da gudu. Kuma bugun kwana da bugun tazara sun ci mu sau huɗu, kullum ta hanya ɗaya: kowa ya tsaya a gurbinsa, babu wanda ya riƙe mutum, dogon cikinsu ya taso daga nesa ya sa kai. A matsayina na tsohon lamba biyar wannan ya fi yi mini ciwo, domin gyaransa bai wuce minti ashirin a ƙarshen kowane atisaye ba.

Akwai wani abu kuma da ban ji daɗinsa ba, wanda ba na dabara ba ne. Ranar da ƙwallon nan ta kuɓuce wa gola, koci ya daka masa tsawa a gaban 'yan kallo, har da ɗalibai mata da suka zo daga ajinsu. Yaro ne ɗan shekara goma sha tara. Wasa biyu da suka biyo baya hannunsa rawa yake yi. Daga baya na ji ya kira shi gefe ya ba shi haƙuri, kuma na yaba, amma tsawar a fili aka yi ta.

Duk da haka na ce a bar shi, kuma ga babban dalilina, wanda masu tattara sa hannun suka sani amma ba sa son a ambata. Mutumin nan ya ƙi sojan haya.

Mai karatu da bai san harkar ba, sojan haya shi ne ɗan wasan da ba ɗalibi ba, a ɗauko shi daga wani kulob na unguwa ko na rukunin ƙasa, a buga masa katin shaida na makaranta a dare ɗaya, ya buga gasa, a sallame shi da ɗan abin da ya samu. Ba sabon abu ba ne, tun muna yara ana yi. A ɗaya daga cikin wasannin da aka doke mu bana, mutumin da ya ci mu biyu na san shi sarai, shekara da shekaru ina ganinsa a gasannin unguwanni, kuma ban taɓa jin an ce ya zauna a wani aji ba. Kafin a fara gasar, wasu daga cikinmu tsofaffin ɗalibai sun je wa koci da tayin mutum huɗu, har da alƙawarin su za su biya. Ya ce musu shi malami ne kafin ya zama koci, ba zai zaunar da yaron da ya biya kuɗin makaranta yake zuwa atisaye da yunwa ba, don wani baƙo ya sa rigarsa. A gabana aka yi. Da ya karɓi tayin nan, wataƙila da yanzu muna da kofi a ofishin shugaban makaranta, da kuma babu wanda yake yawo da takarda. Ashe ke nan abin da ake so a hukunta shi a kai ba makin da ya rasa ba ne kaɗai.

Kofin da sojan haya ya ciyo, wa ya amfana? Washegari ya koma inda ya fito, yaron makaranta kuwa ya koyi cewa gumi ba ya biya, sanayya ce take biya. An kafa wasannin manyan makarantu ne don ɗalibi. Gasar jami'o'i ta NUGA tun 1966 aka fara ta a Ibadan, ga ta kwalejojin kimiyya da fasaha, NIPOGA, ga ta kwalejojin ilimi, NICEGA, sannan a 2018 aka ƙaddamar da gasar lig ta manyan makarantu, HiFL. Kuma hanyar ta taɓa haifar da 'ya'ya. A cikin waɗanda suka ci wa Najeriya kofin Afirka na farko a Legas a 1980, lokacin da aka doke Aljeriya da ci uku da nema, Segun Odegbami da ya zura biyu a wasan ƙarshe injiniya ne da ya fito daga kwalejin kimiyya da fasaha ta Ibadan, Adokiye Amiesimaka kuma lauya ne daga Jami'ar Legas. Mutane ne da suka riƙe littafi da ƙwallo a lokaci guda. Mu a Kano muna alfahari da Ahmed Musa, wanda ya zura ƙwallo 18 a kaka ɗaya a rigar Pillars kafin ya tafi Turai, ya ci Ajantina biyu a 2014, ya ci Iceland biyu a 2018. Amma a cikin dubban yaran da suke tayar da ƙura a filayen garin nan kowace yamma, nawa ne za su zama shi? Sauran fa, idan gwiwa ta tafi suna da shekara ashirin da biyar, da me za su koma gida? Ƙungiyar makaranta ita ce wurin da yaro zai gwada sa'arsa a ƙwallo ba tare da ya jefar da takardarsa ba. Duk gurbin da aka sayar wa baƙo, irin wannan yaron aka ƙwace wa.

Akwai kuma bambancin da masu neman a sallame shi ba su lura da shi ba, tsakanin kulob da makaranta. Pillars ta ci lig a 2008 a hannun Kadiri Ikhana, ta kuma jera uku a 2012 da 2013 da 2014, kuma ba koci ɗaya ne ya ci ukun ba. Abin da ya riƙe ta shi ne 'yan wasa irin su Rabi'u Ali da suka zauna shekara da shekaru, sun san juna kamar 'yan ɗaki ɗaya. Kulob zai iya canja koci ya tsira, saboda 'yan wasan suna nan. A makaranta kuwa ɗan wasa baƙo ne mai wa'adi, shekara biyu ko uku ko huɗu ya karɓi sakamako ya tafi. Wanda yake zama ya haɗa na bara da na baɗi shi ne koci kaɗai. Idan ka tumɓuke shi duk lokacin da aka fitar da ku, kullum daga tushe za ka fara, kuma mu masu harkar gini mun san gidan da ake sake wa harsashi kowace shekara ba ya kai wa linta. Wani abokin cinikina injiniya da ya yi karatu a Amurka ya taɓa ba ni labarin irin tasu ƙwallon ta jami'o'i, wadda ake runguma a hannu ana gudu, inda filin Jami'ar Michigan kaɗai yake ɗaukar mutum sama da 100,000. Ya ce Nick Saban, da ya karɓi ƙungiyar Jami'ar Alabama a 2007, sau shida aka doke shi a kakarsa ta farko. Ba su kore shi ba. A kakar 2009 ya ɗauko musu kofin ƙasa, kuma kafin ya ajiye aiki ya ci musu shida. Ban ce kocinmu shi ne wannan ba, kuma kuɗinsu da namu ko kusa. Amma namu wannan ce kakarsa ta biyu, kuma a ta farko ko wasa ɗaya ba mu ci ba.

Game da baɗi, ba zan yi wa kowa romon baka ba. Mutum shida daga cikin sha ɗayan farko suna ajin ƙarshe, har da kyaftin da 'yan bayan tsakiya duka biyun. Wato inda muka fi rauni, nan ne za a fi yin giɓi. Cikin waɗanda suka rage mana akwai golan nan, wanda nake ganin idan aka lallaɓa shi zai yi nisa domin yana da tsawo kuma ba ya tsoron ƙafa, sai yaron gefen hagu, sai 'yan tsakiya biyu, sai kuma 'yan bencin da ba mu san iyawarsu ba saboda ba a gwada su ba. Idan aka sake yin shirin kwana goma sha biyu, baɗi za ta fi bana muni, ko wa aka kawo.

Amma makarantar da take da dubban ɗalibai ba za a ce babu dogayen yara biyu masu iya sa kai a cikinta ba. Suna nan, ba a neme su ba ne. Gasar sashe-sashe da ake yi a zamaninmu, wadda a cikinta aka gano ni ina aji ɗaya, an daina ta shekaru da dama. A dawo da ita a zangon farko, koci ya zauna da littafinsa ya zaɓa. Ba ta cin kuɗi, ƙwallo huɗu ce da alƙalin wasa da farar ƙasa ta shata fili. Ya kuma riƙa leƙa gasannin makarantun sakandare da gasar kofin Ramat da ake yi a garin nan don tunawa da Janar Murtala, ya san yaran da suke shirin neman gurbin karatu, ya nuna musu ƙofar gaba, ta jarrabawa da rajista. Ita kuma hukumar makaranta, roƙona gare ta shi ne ta saki kuɗin shiri wata biyu kafin gasa, ta ɗaga wa 'yan wasa gwajin da ya faɗo ranar wasa zuwa wata rana, sannan ta tura koci kwas, ko a Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas ko na lasisin hukumar ƙwallon Afirka, da sharaɗin ya dawo ya gyara abubuwan da na lissafa. A ba shi kaka biyu. Idan bayan nan har yanzu ana cin mu da kwana, kuma yana kallon benci kamar ba nasa ba, ni zan fara sa hannu.

Ga 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, kuɗin da aka yi niyyar ba sojan haya huɗu zai ciyar da yara ashirin da biyar shinkafa da wake kafin kowane wasa, ya kuma biya musu mota. Ni na ɗauki nauyin tifa biyu ta jar ƙasa don cike ramukan gaban raga, da bututun ƙarfe na sababbin turaku, tunda na yanzu ɗaya ya karkace. Na riga na faɗa wa koci, ya ce a bari damina ta ɗauke. Kwamitin wasanni zai zauna a kan takardar nan mako mai zuwa, kuma in Allah ya kai mu zan je da littafina, duk mai so ya duba mintunan da idonsa.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Tsohon lamba biyar,
Kasuwar Ƙofar Ruwa, Kano.